Masauki a kan tsibiri: littafin aikin gini

9 ga Nuwamba 2024

Yau muka kafa turaku muka ja igiya. Na ce bari in fara rubutu tun ranar farko, don ƙanena da ke Yamai da ɗiyar yayata, waɗanda suka zuba kuɗinsu cikin aikin nan, su san inda kowace dala ta shiga. Ni ma mantuwa ta fara yi mini sallama.

Wurin dai tafkin ƙauyen su mahaifiyata ne, gabas da Damagaram. In ka wuce Mirya ka miƙi hanyar Gure, kafin Gidimuni sai ka sauka daga kwalta ka bi yashi, tafiyar rabin awa a moto. A tsakiyar tafkin akwai tudu mai goruba goma sha ɗaya da tsamiya guda. Ruwa na zagaye shi tun Agusta har wajen ƙarshen Maris, sannan ya janye ya bar wata siririyar hanya ta laka daga arewa. Mutanen gari tsibiri suke ce masa, ni ma haka zan ce. Na san wanda ya ga tsibiran tafkin Chadi zai yi dariya. Ni ma na gan su. Ina yaro mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya tafi da ni fataucin banda ta Ngigmi, muka kwana uku wajen Buduma, na ga shanun Kuri masu ƙaho kamar tulu suna iyo daga wannan tsibiri zuwa wancan. Can raina ya so, amma tun 2015 da aka kwashe mutane daga tsibiran ɓangaren Nijar saboda Boko Haram, maganar kai baƙo can ba ta ma taso ba.

Abin da za mu gina: zaure ɗaya, ɗakunan kwana huɗu, madafa, makewayi biyu. Duka da tubali da azara, babu kwano ko falle ɗaya. Ranar 3 ga Satumba ina Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, lokacin da tsohon masallacinmu na ƙasa, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya zube bayan ruwan sama. Da yamma na ji samari na cewa ai ginin ƙasa ya gama yayi. Tun ranar maganar ke ci mini rai.

16 ga Nuwamba

Zama a ƙofar mai gari, daga hantsi har la'asar. Na je da tunanin sayen fili, na dawo da aro.

Kawuna, wanda shi ne sarkin ruwa, shi ya fara taka mini birki. Ya ce, “Ɗana, tudun nan ba na mai gari ba ne balle ya sayar maka. Masunta na shanya taru a kai, makiyaya na hawa da rani, mata na tsintar goruba. Wanne daga cikinsu ka tambaya?” Ban tambayi kowa ba. Na sunkuyar da kai na ce, “Kawu, a yi mini aikin gafara.”

Ga abin da aka tsayar. Aron shekara goma sha biyar, gefen kudu kaɗai. A kowace jika, wato dala ɗari biyu, da baƙo ya biya, dala arba'in ta asusun gari ce. Kwalekwalen masuntan gari ne kawai zai riƙa ɗaukar baƙi, ba zan sayi nawa ba. Abinci na hannun ƙungiyar matan gari, wadda suke tafiyar da ita a tsarin Mata Masu Dubara, suna zubi duk mako. Hanyar arewa ta dabbobi ce, ba za a tare ba. Babu giya. Babu ɗaukar hoton mata a bakin ruwa sai da yardarsu; wannan shugabar mata ce ta sa aka ƙara, ta kuma sa aka maimaita karanta shi. Liman ya rubuta da ajami, ni na rubuta da boko, aka dangwala hannu. Litinin zan kai kwafi meri, ofishin magajin gari.

Goro da shayi: jika huɗu.

25 ga Nuwamba

Samari takwas sun fara yin tubali a bakin tafki. Lakar wurin laushi gare ta kamar man shanu, ga ruwa a kusa. Mun yi jinga, jika takwas kowane tubali dubu.

2 ga Disamba

Asarar farko, kuma laifina ne ni kaɗai.

Tsohon maginin da na ɗauko daga Birni, wanda nake kira Baba don abokin mahaifina ne, ya ce kada a taɓa ƙasa sai ya zo. Ni kuwa na ga biyan shi kwana bakwai yana zaune yana kallon masu kwaɓa ɓarnar kuɗi ce, sai na sa aka fara. Yau ya iso. Bai ko zauna ba, ya ɗauki tubali ɗaya, ya kankare farin da ya fito a jikinsa da farce, ya ɗora a harshe, ya tofar. Mushe yake kirana, wato monsieur, kiran da ake wa ɗan boko. Ya ce, “Mushe, wannan miya za ka yi da shi ko gini? Kanwa ce zalla.” Ya jefa shi cikin bokiti, kafin mu gama gaisawa da mutane ya narke.

Bayaninsa shi ne, ƙasar bakin tafki irin wannan gishiri gare ta. Gishirin na jan laima, in ya bushe ya kumbura ya riƙa cin gindin bango, shekara biyu ka ga katanga ta yi ƙugu kamar an sassaƙe ta. Tubali dubu huɗu da ɗari biyu sun tashi a banza. Na biya samarin haƙƙinsu, jika talatin da huɗu, don ba su suka yi kuskuren ba.

Baba ya zagaya da sanda har ya samu jar ƙasa mai tsakuwa a wani tsohon kududdufi bayan gari. Yanzu ke nan sai an yi tubalin can, a ɗora a amalanke zuwa bakin ruwa, a sauke, a loda a kwalekwale, a sake saukewa. Kowane tubali sai an ɗaga shi sau huɗu kafin ya ga bango. Lissafina na farko ya rushe.

5 ga Disamba, Alhamis

Kasuwar Dole, neman azara. Abin da na samu kaɗan ne, ga tsada, rabinsa kuma macen giginya ce mai taushin ciki, wadda gara ke so. Giginya itace ne da doka ta kare, ba a sara sai da takarda, kuma dazukanta masu yawa suna can wajen Gaya, ƙarshen ƙasa. Na dawo hannu rabbana.

14 ga Disamba

An samu azara, amma ta hanyar da ba ta yi mini daɗi ba. Gidajen da damina ta kayar a Birni da Zango, masu su na sayar da tsofaffin azarorin don su sayi bulo da kwano. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa da ƙotar gatari. Wadda ta yi ƙara kamar ƙarfe ya ware, wadda ta yi bif ya bari. Wasu sun girmi kakana, amma ƙusa ba ta shiga jikinsu.

A wani gida wata tsohuwa ta tsaya tana kallo ana fitar da na ɗakin da ta ce a ciki aka kai ta amarya. Na ce, “Inna, in ba ki so, a mayar.” Ta ce, “Ɗauka, ɗan nan. Gara su rufe wani ɗakin da a hura wuta da su.” Ban yi ciniki da ita ba, abin da ta faɗa na ba ta. Duk da haka a hanya ina ta tunanin cewa ni mai kukan Birni na lalacewa, ga ni ina kwashe haƙarƙarinta a kamyo.

Azara 310 da kuɗin mota: jika ɗari huɗu da sittin.

28 ga Disamba

Harsashi ya kammala. Dutse muka sa, ya tashi kamu ɗaya a kan ƙasa, sannan tubali ya hau. Sanyi ya hana fara kwaɓa kafin hantsi.

6 ga Janairu 2025

Ƙanena ya kira daga Yamai, mun yi kusan awa muna jayayya. Tunda gwamnati ta rage kuɗin sima, me zai hana a shafe bangon da ita a huta da yaɓe? Na ce ya zo Birni in nuna masa gidajen da aka yi wa haka. Sima ba ta kama ƙasa. Tana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa ruɓewa a ɓoye, ran da za ta faɗo sai ta ɓanɓaro da rabin katanga. Ya ce, “Yaya, kai dai kana son wahala.” Wataƙila.

Mun rabu a kan za a sa sima a makewayi kaɗai. A nan kam ban yi gardama ba. Ramin salga a kan tsibiri abin tsoro ne, ruwan da mutane ke kamun kifi suna shayar da dabbobi ne a kewaye. Za a yi shi a wuri mafi tudu, a ɗaga shi sama, a gine cikinsa da bulo a shafe.

12 ga Janairu, Lahadi

Kasuwar Mirya. Randa shida, tulu huɗu, indararo na yumɓu goma sha biyu. Randa ɗaya ta fashe a hanya.

21 ga Janairu

Kwalekwale ya kife. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba, shi zan fara rubutawa.

Iskar hunturu ta taso tun safe, tafki ya yi fari da ƙura, kawu ya ce a dakata. Zuwa azahar ta ɗan lafa, magina na zaune babu azara, sai na matsa wa yaron da ke tuƙi ya yi sawu ɗaya. Ya ɗora ashirin maimakon sha biyu da aka saba, don ya faranta mini. Suna tsakiya iska ta bugo ta gefe, kayan suka zame, jirgi ya juya. Yaron ɗan masunta ne, ya fito da kansa. Leburan da ke tare da shi bai iya ruwa ba, Allah ya sa ya rungumi gora, masunta biyu suka kai gare shi. Mun hura masa wuta, mun lulluɓe shi da bargo, yana ta karkarwa har magariba.

Azara ba ta iyo, nutsewa take kamar dutse. Kwana biyu masunta na nitso cikin wannan sanyi, suka fito da goma sha bakwai. Uku na can cikin laka.

Da dare kawu ya kira ni ɗakinsa, ba a gaban mutane ba. Ya ce, “A kan tudu kai ne mai aiki. A kan ruwa ni ne. In na ce a tsaya, ko Sarkin Damagaram ne a jirgin sai ya jira.” Na ce na ji, Kawu. Na sayi rigunan iyo shida daga wani mai kawo kaya daga Kano, jika arba'in da biyu, kuɗin da ban sa a lissafi ba, kuma da tun farko ya kamata in sa.

1 ga Fabrairu

Bangon ɗakuna huɗu ya kai inda za a yi rufi. Kaurinsa a gindi ya fi kamu ɗaya, yana sirancewa in ya yi sama.

15 ga Fabrairu

Makon nan aka ɗaure zaure, kuma tun da aka fara aikin ban ji daɗi irin na yau ba.

Azara ba ta son ta wuce kamar mita biyu babu abin da ya tallafe ta, shi ya sa ɗakin talaka ke da ƙunci. In ana son fili sai a yi baka. Baba ya dasa azarori cikin bango daga ɓangarori huɗu, kowane sahu ya ɗan fi na ƙasansa leƙowa ciki, ana ɗaurewa da igiya ana cikewa da laka, a bar shi ya sha iska kafin a ɗora na gaba. Kwana tara ana wannan. Ranar da bakunan suka haɗu a sama, ya hau can ƙoli da tsufansa ya zauna, ya ce a miƙo masa shayi. Ɗaurin guga ke nan, irin wanda ke cikin tsofaffin zaurukan Birni.

Sharaɗin da na yi da shi tun farko shi ne ya koya wa samarin gari huɗu. Ba don ado na sa wannan ba. Ginin ƙasa ba a gama shi. Duk shekara yana son hannu, a toshe tsaga, a gyara bakin indararo, a sake yaɓe. In sai an ɗauko magini daga Damagaram kowace shekara, ran da na mutu masaukin ya mutu. Ɗaya daga cikin huɗun ya riga ya tafi haƙar zinariya arewa, bai ko yi sallama ba. Ban ga laifinsa ba sosai. Saura uku, ɗayansu kuma hannunsa na da kyau ƙwarai.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau: miliyan ɗaya da jika ɗari takwas da saba'in.

9 ga Maris

Azumi, ga wahalar esansi. Lita ta yi tsadar da zuwa ƙauye a moto ya zama sai dole. Aiki daga asuba zuwa hantsi kawai. An rufe ɗaki biyu.

24 ga Maris

Ruwa ya janye, hanyar arewa ta buɗe, shanu sun hau. Da safe muka tarar sun cinye zana shida da muka jingine, sun tattake tubali wajen ɗari uku, wani bijimi kuma ya sosa jikinsa da kusurwar madafa har ta zube. Raina ya ɓaci, na tafi wajen mai gari da zafina.

Ya saurare ni har na gama, ya aika aka kira liman da takarda, aka karanta mini abin da na dangwala wa hannu: hanyar arewa ta dabbobi ce. Ardo, wanda aka kira shi ma, ya ce cikin natsuwa, “Malam, saniya ba ta karatu. Mai gini shi ke shinge.” Dariya ta kama kowa, har ni. A ƙarshe ya sa yaransa suka taya mu saro ƙaya, muka kewaye gefen kudu. Ya kuma yi alkawarin nono da kindirmo in baƙi sun fara zuwa, da kuɗinsu ba kyauta ba.

12 ga Afrilu

Neman kayan laso ya fi neman azara wuya. Abu uku ake haɗawa: katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin rijiyar marina, a ƙona a daka; gashin jima; da ruwan dafara mai yauƙi. Gashi na samu a majemar Birni, buhu-buhu, kusan kyauta. Katsi kuwa marinan da suka rage ƴan kaɗan ne, yawancin masu rini sun koma garin bature a cikin duro. Da kyar na tara abin da zai ishi rufin zaure da zankwaye. Sauran rufin da bango makuba za a yi musu, ɓawon ɗorawa da na sa aka kawo daga wajen Magarya.

26 ga Afrilu

Mata sun yi daɓe. Su wajen talatin, kowace da madaɓinta, a jere a durƙushe, ana yayyafa ruwan makuba ana bugu ana waƙa, har ƙasa ta yi santsi ta yi duhu. Wasu waƙoƙin da ni ake, har da maganar tubalin kanwa. Shugabarsu ta ƙi karɓar kuɗin aiki. Ta ce daɓe gayya ce, a dafa musu dambu a kawo goro, kuɗin kuma a zuba a asusunsu. Haka aka yi.

10 ga Mayu

Zanen fuskar zaure. Na zo da hotunan gidajen Birni da Zango, ina son dagi da takobi da sauran abin da na saba gani. Yaron nan mai kyan hannu ya roƙi a bar masa kusurwa ɗaya, da aka bar masa sai ya fitar da kwalekwale da mutum biyu a ciki, a gefe kuma wayar salula. Na ce a goge wayar, wannan ba gargajiya ba ce.

Baba ya ajiye wuƙarsa ya ce, “Mushe, keke da agogo da jirgin sama da kake gani a bangon tsofaffin attajirai, kakanninsu ne suka gada? Abin da ya burge su a zamaninsu suka zana.” Na rasa amsa. Wayar na nan. Ita ce ta nutse ranar da jirgi ya kife, ashe.

24 ga Mayu

Faranti biyu na hasken rana, batir ɗaya, ƙwai takwas. Babu firji, randa ta isa. Gadaje na kara da katifa, gidan sauro kowane gado, tabarmin kaba saƙar matan gari, tintimi huɗu aikin dukawan Damagaram. Ruwan sha daga famfon gari za a riƙa kawowa a jarka. Na rubuta allo na kafa a bakin ruwa cewa ba a wanka a tafki, saboda tsargiya.

Ɗiyar yayata ta yi tambayar da kowa ke yi: wa zai zo? Turawan da nake zagayawa da su Birni ina saurayi, in nuna musu fadar da ganuwar zamanin Sarki Tanimun, in ba su labarin zuwan Barth a 1852, da yaƙin Tirmini na 1899, da yadda Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926, waɗannan sun daina zuwa, ban kuma gina ɗakin nan don jiran su ba. Ina sa ran mutanenmu: ɗalibai, malamai, ma'aikacin da ke son kwana biyu babu ƙarar moto, ango da amarya, ɗan Damagaram da ƴaƴansa suka girma a Yamai ba su taɓa kwana a ƙarƙashin azara ba. Shi ya sa kuɗin kwana jika shida ne da abinci, ɗalibi jika uku. Ta ce ba za mu mai da kuɗinmu ba sai nan da shekara goma. Ban musa ba.

19 ga Yuni

Shamuwa ta daɗe da zuwa, jiya da dare ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, da iska. Na kwana a zaure da fitila ina bin bango.

Zaure bai ɗiga ba, laso ya yi aikinsa. Ɗaki na uku ya yi yoyo a kusurwar gabas, inda makuba ta yi sirara. Zanko ɗaya ya karye. Babbar matsalar indararo ce: na Mirya da na saya gajeru ne, ruwa bai yin nisa, iska na maido shi jikin bango, ya riga ya tona layi biyu kamar sawun kuturu a bangon gabas. Baba ya faɗa mini tun Janairu cewa sun yi gajarta, na ce a gwada. An gwada.

Abin da ya faranta mini rai, Baba na Damagaram, ban kira shi ba. Samarin nan uku suka hau da safe suka toshe, suka sake ɗora zankon. Na aika a yi mana indararo masu tsawon kamu biyu.

6 ga Yuli

Baƙin farko: ɗalibai shida da malaminsu daga jami'ar Damagaram, masu nazarin tsuntsayen ruwa, kwana biyu. Da ƙafa suka shigo ta hanyar arewa, tafki bai cika ba tukuna. Sun ƙirga kirinjijiya da zalɓe da belbela, kawu ya gaya musu sunan kowanne da lokacin zuwansa, suna ta rubutawa. Da dare wata gwaggon mahaifiyata ta ba su labarin shekarun da tafkin ya ƙafe har aka yi noma a cikinsa, da zamanin da babu kacalla ko ɗaya a bakinsa.

Kurakurai: tuwon dare bai iso ba sai bayan isha, don a gari aka dafa aka ɗauko, daga yanzu a madafar tsibiri za a riƙa yi. Gidan sauro ɗaya ya yage. Batir ya mutu ƙarfe goma saboda kowa ya jona waya.

An samu jika arba'in da takwas. Asusun gari jika tara da dala ɗari da ashirin, na kai wa ma'aji a gaban mai gari, aka rubuta. Bayan kuɗin mata da na cefane, abin da ya rage bai kai kuɗin indararo ba.

20 ga Yuli

Ruwa ya fara rufe hanyar arewa, kawu ya ce nan da kwana goma sai jirgi. An kafa sababbin indararo. Gara ta fito a gindin ƙofar ɗaki na biyu, mun tone mun zuba toka, ina sa ido. Jimilla zuwa yau miliyan uku da jika ɗari biyu da goma.

Abin da ke gaba: matakalar dutse a inda jirgi zai riƙa tsayawa, batir na biyu, dashen bedi biyar a gefen gabas don su tare iska. Gayyar yaɓe an sa ta bayan girbin hatsi, mai gari ya ce shi zai yi shela. Makuba ta ƙare, sai na aika Magarya tun yanzu kafin ta yi tsada.